Alhaji Imam da Malam Zurƙe: Tarihin Ruwan Bagaja da Dalilin Farin Jininsa Wajen Yara

A shekarar 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke shugabancin Hukumar Fassara a Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewacin Najeriya yana tara malamai da ƴan boko, yana roƙonsu abin da ba su saba jin an roƙa ba: kowa ya zauna ya ƙago labari daga kansa, ya rubuta shi da Hausar boko, tsawonsa ya kai kamar kalmomi 20,000. Dalilinsa a fili yake. An buɗe makarantu, yara sun fara haɗa baƙi da wasali, amma in sun fita daga aji ba su da abin karantawa sai littattafan koyarwa da ƴan fassare-fassare. Wanda ya koyi karatu bai sami abin da zai ja shi ya ci gaba ba kuwa, karatun zubewa yake yi.

East ya ba da labarin wahalar da ya sha a wata maƙala da ya buga a mujallar Africa a 1936. A ganin malaman lokacin, alƙalami na manyan al'amura ne: addini da shari'a da tarihi da waƙar wa'azi. Ƙagaggen labari kuwa tatsuniya ce, tatsuniya kuma ta tsofaffin mata da yara ce, da dare ake yin ta, har akan tsorata yaro da cewa in ya yi ta da rana zai ɓata. Mai tatsuniya da bakinta takan rufe da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Ta yaya za a ce mutum mai rawani ya ɗauki tawada ya rubuta ƙarya, ya kuma sa sunansa a kai? Duk da haka an sami waɗanda suka amsa kira, aka zaɓi littattafai biyar aka buga tun daga 1934: Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam.

Imam yana da shekara 22 a lokacin. An haife shi a 1911 a Kagara, cikin jihar Neja ta Najeriyar yau, ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya fita a 1932, ya zama malami a Makarantar Midil ta Katsina. Bello Kagara wansa ne, wato biyu daga cikin littattafan biyar daga gida ɗaya suka fito. Gidansu gidan malamai ne, saboda haka kafin ya san boko ya riga ya sha karatun zaure. Abu na biyu da ya kamata a riƙe shi ne sana'arsa: kullum yana tsaye gaban samari, ya san lokacin da aji ke yin tsit don jin daɗi da lokacin da yake yin tsit don gyangyaɗi.

Ƙashin labarin gajere ne. Wani mai yawon neman labarai, Koje Sarkin Labari, ya sauka Kwantagora, ya gamu da wani attajiri mai suna Alhaji Imam, shi kuma ya kwashe tarihin rayuwarsa ya ba shi. Ɗan sarkin garin ya kwanta ciwon da ya gagari magani. Limamin gari, wanda ya riƙe Alhaji a matsayin ɗa, ya faɗa a fada cewa ruwan Bagaja ne zai warkar da shi, maganar ta jawo masa wulakanci gaban jama'a, don an ɗauke ta tatsuniya. Alhaji ya ɗaura niyyar ba zai zauna ba sai ya samo ruwan ya wanke uban riƙonsa daga kunya. Ya shiga duniya shekara da shekaru, ya bi ta Tambutu da garuruwa barkatai, na gaske da na ƙage, har ya dangana da ƙasar aljanu, ya ɗebo ruwan, ya komo gida, ɗan sarki ya warke.

Tun daga sunan littafin marubucin ya riga ya kama kunnen yaro, domin ruwan Bagaja ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Akwai tsohuwar tatsuniyar ƴar bora da aka tura ta wanko ƙirgi a ruwan Bagaja, ta yi ta wuce koguna tana tambaya, ta yi ladabi ga abubuwan ban tsoro da ta tarar, ta komo da arziki, ƴar mowa kuwa ta bi sawunta da rashin kunya ta komo da tsiya. Ibrahim Yaro Yahaya ya sa ta cikin jerin littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni. Yaron da ya ga wannan suna a bangon littafi ya san tun kafin ya buɗe cewa za a yi tafiya mai nisa. Har ma dariyar da fadawa suka yi wa liman tana da tushe a nan: ya ambaci abin da kowa ya sani a bakin kakarsa kawai yake. Ashe littafin da kansa yana ɗauke da gardamar da East ya tarar a zaurukan malamai, kuma ya yanke hukunci cewa abin tatsuniya yana iya zama gaskiya, har ya yi magani.

Sai dai wanda ya karanta littafin da idon basira zai lura cewa neman ruwan bai ci shafuka da yawa ba. Aljanu da abubuwan al'ajabi sun taru ne can wajen ƙarshe, kuma an bi ta kansu da sauri, kamar marubucin ya hango adadin kalmomin da aka yanka masa ya kusa cika. Tsokar littafin tana tsakiya, inda Alhaji ke yawo gari gari ba shi da ko anini, yana ci da wayonsa, yana karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Yau Alhaji ya yi wa Zurƙe tsiya ya gudu, gobe a wani gari Zurƙe ya ɓullo cikin wata kama ya rama, jibi a sake. In aka tambayi dattijon da ya karanta littafin yana yaro abin da ya fi tunawa, da wuya ya fara da rijiyar aljanu. Zurƙe zai fara ambata, yana murmushi.

Wannan zubi yana da asali sananne, Imam bai ɓoye shi ba: ya nuna cewa Maƙamatul Hariri ce ta ba shi samfurin mutanen nan biyu. Hariri mutumin Basra ne, ya rayu daga 1054 zuwa 1122, ya rubuta maƙama 50 waɗanda a cikinsu Harisu ɗan Hammam ke ba da labarin yadda yake ta gamuwa da wani tsoho mai zaƙin baki, Abu Zaid, a garuruwa daban daban, kowane karo cikin sabuwar shiga, yana damfarar jama'a da fasaharsa. Littafi ne da manyan almajirai ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa don sanin lugga, daga Katsina har Damagaram da Agadas. Amma Imam ya yi masa wani juyi mai muhimmanci. Wajen Hariri mai ba da labari ɗan kallo ne, yana mamakin ɗan damfara, wani lokaci yana yi masa faɗa. Wajen Imam mai ba da labarin shi ne babban ɗan damfarar, abokin karawarsa ma haka. Babu wani mai hankali da ke tsaye gefe yana nuna wa mai karatu inda daidai take. An sa yaro cikin rigar maƙaryaci tun daga shafin farko, da bakin maƙaryacin yake jin komai, kuma yana so ya yi nasara.

Manazarta, musamman Ibrahim Malumfashi, sun bi sawun wasu sassan labarin zuwa Dare Dubu da Ɗaya da kuma tatsuniyar Jamusawa ta ruwan rai da ƴan'uwan nan Grimm suka buga a 1815, inda ƴaƴan sarki ke fita neman ruwan da zai warkar da ubansu. An yi ta muhawara ko wannan aro ne ko kwaikwayo. Ga tarihin adabi tambayar tana da amfani. Ga yaron da ke karatu kuwa ba ta taɓa zama damuwa ba, tun da duk abin da ya shigo hannun Imam ya fita da hular Bahaushe, yana cin goro, yana rantsuwa irin ta kasuwa.

Akwai wani fage guda da ya isa a tsaya a kansa, don a cikinsa dabarar littafin duka take. Alhaji ya sauka wani gari ya yi shigar babban malami alhali bai san komai ba, mutane suna ta kawo masa sadaka. Malam Zurƙe, wanda ya fi shi karatu nesa ba kusa ba, ya zo ya ƙalubalance shi gaban jama'a. Alhaji ya yi zane a ƙasa mai lanƙwasa, ya ce a faɗi ko mene ne. Zurƙe ya duba ya ba da amsar mai ilimi, ya kira sunan harafin Larabcin da zanen ya yi kama da shi. Alhaji ya ce sam, wannan jinjirin wata ne. Jama'ar da ba su san harafi ba amma sun san wata suka duba suka ga lalle wata ne, suka yi wa mai gaskiya ature.

Yaron da ya karanta wannan yana dariya iri biyu a lokaci guda. Ta farko dariyar Gizo ce, ta ganin ƙaramin mai wayo ya kayar da wanda ya fi shi. Ta biyu ta fi zurfi, kuma sai wanda ya je makarantar allo ko ta boko yake iya yin ta: shi ya san Zurƙe ne ke da gaskiya. Ya san abin da duk taron garin nan ba su sani ba. Littafin da aka rubuta don sababbin masu karatu ya ba su ladan karatunsu nan take, ya nuna musu cewa sanin harafi shi ne ke raba wanda ake damfara da wanda ke ganin damfarar. Babu wata nasiha da aka ɗora a ƙarshen fagen, kuma da an ɗora ta da ta ɓata shi. Littattafan yaƙi da jahilci da suka biyo baya sun yi ta faɗin wannan magana ƙarara, an manta da yawancinsu.

Haka abin yake a sauran fagagen. Waɗanda yaro ke rusuna wa kullum, malami da alƙali da mai unguwa da attajiri, su ne ake ruɗawa a littafin, su ne kwaɗayi ko girman kai ke kai su ƙasa. A gidan Bahaushe yaro ba ya ɗaga ido ya dubi babba, balle ya yi masa dariya. Ruwan Bagaja ya buɗe masa wata ƴar ƙofa ta yin hakan ba tare da laifi ba, kuma abin da ya sa manya suka bari a shigar da shi aji shi ne igiyar da aka ɗaure duk wannan shaƙiyanci da ita: Alhaji ya fita ne don kare mutuncin wanda ya rene shi. Komai tsiyar da ya tafka a hanya, tafiyar ta biyayya ce. Malami yana iya nuna farkon littafin da ƙarshensa ya ce ga tarbiyya, ɗalibi kuma ya riƙe tsakiyar ya ce ga daɗi, kowa ya tashi da rabonsa. Ko gabar Alhaji da Zurƙe ba ta ƙiyayya ba ce. Ta fi kama da wasan tobasai ko na Katsinawa da Gobirawa, inda ake cin fuska ba a zubar da zumunci, shi ya sa sasantawarsu daga baya ba ta ba kowa mamaki.

Sai maganar harshe. Da yake Alhaji ne ke magana da bakinsa gaban masu saurare, littafin ya zo da muryar hira. Jimlolin gajeru ne, aiki na bin aiki, karin magana da baƙar magana na faɗowa inda mai hira zai sa su. Kowace gamuwa da Zurƙe labari ce mai kai da gindi da za a iya gamawa a zama ɗaya, ga kuma zaren neman ruwa yana jan mutum zuwa ta gaba. Wannan ya dace da yaron da karatunsa bai nuna ba, wanda shafi uku ke gajiyar da shi. Ya kuma dace da yadda aka fi cin moriyar littafi a wancan zamani, wato mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, goma su saurara. Ta haka labarin Alhaji ya isa kunnen mutane da yawa da ba su taɓa riƙe littafin ba.

Ba a rasa abin faɗa game da aibinsa. Mata ba su da wani katabus a cikinsa, sukan fito ne a aure su ko a yaudare su. Wasu daga cikin wasannin Alhaji mugunta ce tsagwaronta, ana cutar wanda bai ji ba bai gani ba, labari ya wuce ba a waiwaye shi ba. Akwai kuma raha da baƙauye wadda ɗan birni ya fi jin daɗinta. Malamin da ke karanta shi da ɗalibai yana da abin tattaunawa a nan. Amma masu ganin a tace littafin a fid da shaƙiyancin don ya dace da yara, sai su tuna cewa in aka cire wannan, abin da zai rage ɗan guntun labarin yaro mai biyayya ne wanda babu yaron da zai nemi a sake karanta masa.

Abin da ya biyo bayan 1934 sananne ne. East ya ga hannun Imam, ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na Hausa. Hanyar labarin kasada da al'ajabi da shi da wansa suka share ta sami mabiya: Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda tushensa wani gwarzon tatsuniyoyin Rasha ne, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, inda yaro ya tafi yawon sararin sama. Kamfanin NNPC na Zariya, da aka kafa a 1966, ya ci gaba da sake buga Ruwan Bagaja, Imam kuma ya mai da shi Turanci da kansa da sunan The Water of Cure. Ya rasu a 1981, lokacin da littattafan soyayya na Kano ke gab da ɓullowa su canja kasuwar karatun Hausa baki ɗaya.

A wannan gefen iyaka tarihin ya bi wata hanya dabam. Tsakanin Katsina, inda Imam ya rubuta littafinsa, da Maraɗi, inda zuriyar tsofaffin sarakunan Katsina suka kafa gari bayan jihadi, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, harshe ɗaya, dangi ɗaya. Amma a shekarun da ɗan Katsina ke dariyar Zurƙe a cikin aji, ɗan Maraɗi da aka kai lakwal yana fama da Mamadou et Bineta, kuma in Hausa ta kuɓuce masa a farfajiyar makaranta sai a rataya masa alamar horo. Faransa ba ta yarda da koyarwa da harshen gida ba a ƙasashen da ta mallaka, saboda haka ba a yi wata hukuma irin ta Zariya a Damagaram ko Yamai ba. Littattafan Zariya sun shigo Nijar ne ta hannun fatake da almajirai da ƴan ci-rani, ta hanyar Jibiya da ta Daura, tare da atamfa da goro, suka sami masu karatu a wajen makaranta.

Sai bayan samun ƴancin kai aka fara gyara. Taron Bamako na 1966 ya duba yadda za a rubuta harsunan yankin, aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, aka tsai da ƙa'idojin rubutun harsunan ƙasa a 1999, sannan kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana ƙara yawan yaran da za su iya haɗa baƙi da wasali da harshen uwarsu, ya kuma mai da malaman Nijar daidai inda East ya tsaya a 1933: yaro ya iya karatu, me za a miƙa masa? Littattafan koyon karatu da na kiwon lafiya da na noma suna da amfaninsu, amma ba a taɓa jin yaro ya ɓoye ɗayansu a ƙarƙashin tebur yana karantawa a sace lokacin darasin lissafi ba.

Ƙungiyoyin raya al'adu da ke shirya gasar rubutu suna iya duba abin da gasar 1933 ta roƙa da abin da ta samu. Ba ta yanka wa marubuta darasin da za su koyar ba, labari ta nema, kuma wanda ya fi daɗewa a hannun yara cikin biyar ɗin shi ne wanda jaruminsa ya fi kowa ƙarya. Shi kansa tsohon littafin ba ya bukatar fassara kafin ya shiga ajin Tawa ko na Tasawa. Hausarsa ta wajen Katsina da Zariya ce, wadda kunnen ɗan Maraɗi bai baƙunta ba, bambancin rubutu kuma bai taka kara ya karya ba: inda bugun Zariya ya sa waƙafi a gaban harafin y, ɗalibin Nijar ya saba ganin ƴ mai ƙugiya, sai kuma ƴan kalmomin zamanin Ingilishi, irin su sunayen kuɗi da na ma'aikatan En'e, waɗanda mushe zai bayyana cikin minti biyu kafin a koma wajen Alhaji da Zurƙe.